Gidan Bargum Ne Kafin Ya Zama Gidan Sarauta

A titin Amaliegade da ke Kwapanhagan, babban birnin Danmak, akwai wani gida mai lamba 18, taku kaɗan daga fadar Amalienborg inda sarkin ƙasar yake zaune. Fentinsa ruwan ɗorawa ne, shi ya sa mutanen garin suke ce masa Det Gule Palæ, wato fada mai ruwan ɗorawa. Ba wani makeken gini ba ne. Baƙo zai iya wuce shi bai lura ba, idonsa na kan dogaran fada masu dogayen baƙaƙen huluna. Amma yana cikin gine-ginen da dokar ƙasar ta kare tun 1918, kuma masana gini suna lissafa shi a matsayin gida na farko a birnin da aka yi a salon nan da ya koma kwaikwayon ginin Girkawa da Rumawan dā. A yau ofishin da ke tsara al'amuran gidan sarauta ne a ciki, su ne masu shirya tafiye-tafiyen sarki da karɓar baƙinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai game da gidan nan shi ne sunan da ake fara ambata in an zo ba da labarinsa.

Da 'ya'yan sarki ake farawa, kuma ban ga laifin mai yin haka ba, don labarin yana da daɗin ji. Sarki Frederik na 6 ya sayi gidan a 1810. A 1837 aka saukar da wani matashin ɗan sarauta a ciki, Christian na zuriyar Glücksburg, hafsan soja ne da ba shi da wata dukiya, kuma babu wanda ya zaci sarauta za ta biyo ta ƙofarsa. A gidan aka haifa masa Frederik a 1843, Alexandra a 1844, Vilhelm a 1845, sai Dagmar a 1847. Marubutan tarihinsu suna son ba da labarin yadda Alexandra da Dagmar suke kwana ɗaki ɗaya a can sama ƙarƙashin rufi, suna ɗinka tufafinsu da hannunsu. Sai Allah ya yi ikonsa. A cikin shekara ɗaya, 1863, Alexandra ta auri yarima mai jiran gadon Ingila, aka naɗa Vilhelm sarkin Girka yana ɗan shekara 17 da sunan George na 1, shi kuma uban ya hau gadon Danmak a matsayin Christian na 9. Bayan shekara uku Dagmar ta auri wanda ya zama sarkin Rasha, ta haifi Nicholas na 2, sarkinsu na ƙarshe. Daga nan aka laƙaba wa Christian sunan surukin Turai.

Mu ma labarin ya shafe mu ta gefe. Da sojojin Lugga suka shiga Kano a Fabrairun 1903, suka wuce Sakkwato a watan Maris, da sunan Sarki Edward na 7 suka yi, matarsa kuwa ita ce Alexandrar nan mai ɗinki a ɗakin sama.

To amma ba su suka gina gidan ba. Sun tarar da shi ne yana da shekara saba'in da wani abu.

Unguwar kanta, Frederiksstaden, Sarki Frederik na 5 ne ya yanka ta a 1749 don bikin cikar zuriyarsa shekara 300 a kan mulki. An ba masu hali filaye bisa sharaɗin su bi tsarin da maginin fada Nicolai Eigtved ya zana, kowa ya jera tagoginsa daidai da na maƙwabcinsa. Salon Eigtved mai ƙawa ne, mai lanƙwashe-lanƙwashe da furanni, irin wanda ake gani a fadojin Amalienborg huɗu. Da ya rasu a 1754 aka ɗauko wani Bafaranshe, Nicolas-Henri Jardin, wanda ya yi karatu a Rum a daidai lokacin da ake tono garuruwan Herculaneum da Pompeii daga ƙarƙashin toka, Turai duk ta rikice da sha'awar ginin mutanen dā. An kawo shi ne don ya ƙarasa babbar cocin marmara ta unguwar, aikin da ya cinye kuɗi har aka dakatar da shi a 1770, ba a gama ba sai 1894 da wani magini daban. Cocin ta gagare shi, amma a shekarun 1760 ya zana gidan nan, ya bar tarkacen ado, ya koma wa miƙaƙƙen layi da daidaiton dama da hagu. Almajirinsa C.F. Harsdorff ya ɗora daga nan. Da gobarar 1795 ta cinye wani babban yanki na birnin, sannan jiragen ruwan Ingila suka yi masa ruwan wuta a 1807, da wannan salon aka sake gina tsakiyar Kwapanhagan. Wato fuskar da birnin yake alfahari da ita a yau, a gidan nan ta fara leƙowa.

Wanda ya ba Jardin aikin sunansa Henning Frederik Bargum. Attajiri ne, ya yi fataucin katako. A 1765 ya samu takardar izinin sarki ya kafa kamfanin cinikin gaɓar Gini (Guinea) ta Afirka ta Yamma, aka damƙa masa sansanonin Danmak da ke gaɓar Gwalkwas, Ghana ta yau, tare da cinikin bayi daga can zuwa tsibiran Danmak uku na Karebiyan, St. Thomas da St. Jan da St. Croix. Babban sansanin shi ne Christiansborg, wanda duk mazaunin Akra ya sani da sunan fadar Osu, inda gwamnatin Ghana ta yi shekaru tana zaune kafin ta tashi a 2013.

Jirgi ɗaya daga cikin jiragen kamfanin ya isa misali, domin babu jirgin bayi da yawa a duniya da aka san labarinsu dalla-dalla kamar shi. Sunansa Fredensborg. Ya bar Kwapanhagan a tsakiyar 1767, ya isa gaɓar Gwalkwas a watan Oktoba, ya yi wata shida yana jiran a cika shi. Kyaftin ɗin da ya kawo shi a can ya mutu, tare da wasu ma'aikatan jirgin. A Afrilun 1768 ya tashi da mutum 265 a cikinsa. Wasu sun mutu a teku aka jefa su ruwa, sauran aka sayar a St. Croix. Aka loda masa sukari da taba da katako ya nufi gida, sai ranar 1 ga Disamba 1768 guguwa ta buga shi da duwatsu a tsibirin Tromøy kusa da Arendal a Nowe, ya nitse. A 1974 wasu masu ninƙaya suka gano ɓaragurbinsa, abin da suka fara cirowa kuwa hauren giwa ne da ya yi shekara ɗari biyu da shida a ƙarƙashin ruwa. Duk wannan tafiya an yi ta ne lokacin da fentin gidan Amaliegade bai daɗe da bushewa ba.

A nan dole in ja wa kaina birki, don akwai maganar da take da daɗin faɗa amma ba ta tsaya da ƙafarta ba: wai kowane bulo na gidan da jinin bawa aka saye shi. Bargum yana da kuɗinsa kafin kamfanin, kuma kamfanin bai yi masa albarka ba. Asara ya yi ta tafkawa, kafin shekara goma ya karye, mutumin ya tsere daga ƙasar a tsakiyar shekarun 1770 ya bar masu bin sa bashi, ya ƙare a Biyana, babban birnin Ostiriya. Duk wanda zai yi wannan muhawara da gaske ya kamata ya faɗi haka da bakinsa kafin a faɗa masa. Sai dai rashin ribar bai wanke shi ba. Ɗan fashin da ya tare hanya ya koma gida hannu rabbana bai zama mutumin kirki ba don bai samu ba. Mutanen 265 an ɗaure su an sayar, ko littafin kamfani ya nuna riba ko ya nuna faɗuwa.

Yanzu ga dokar. Danmak ta kafa dokar kare gine-gine a 1918, kuma tana da haƙori. Ginin da aka kare, ciki da waje ake nufi. Mai shi ba zai canja taga ba, ba zai fasa bango ba, ba zai cire tsohuwar ƙofa ko matattakala ba sai da izinin hukumar kula da fadoji da al'adu. Gyaran yau da kullum kawai aka bar masa. A madadin haka ana yi masa rangwamen haraji, ana iya tallafa masa a kan manyan gyare-gyare. Gine-gine wajen 7,000 ne ke ƙarƙashin wannan kariya, daga fadoji har bukkokin manoma da masana'antu. Ina jinjina musu, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne sashen farko na dokar kamar yadda take a yanzu. Bai tsaya ga kyan gini ba. Ya ce manufar ita ce a kare tsofaffin gine-gine masu daraja ta fuskar zane ko tarihin al'ada, har da waɗanda suke haska yadda mutane suka zauna, yadda suka yi aiki, yadda suka samar da kaya, da sauran muhimman al'amuran da suka gina al'umma. To, in haka ne, wane aiki da wace samar da kaya gidan Bargum yake haskawa? Jiragen Danmak sun kwashe 'yan Afirka wajen 100,000 zuwa ƙetaren teku. Sukarin da suka noma a St. Croix a Kwapanhagan ake tace shi a sayar. Iyalan Schimmelmann, masu gonakin rake da ɗaruruwan bayi da matatar sukari, fadarsu tana titin Bredgade, a wannan unguwa dai. Wannan ba ɗan ƙaramin reshe ba ne a tarihin Frederiksstaden, yana cikin saiwarta.

Ra'ayina ke nan: ƙasar da take iya hana mai gida canja madaurin taga saboda tarihi, tana iya wajabta cewa gidan da ta kare ya faɗi tarihinsa a inda mai wucewa zai gani. Allo ɗan ƙarami a jikin bango ya isa. Ya ce Jardin ne ya zana, ya ce Bargum ne ya gina kuma ga sana'arsa, ya ambaci Osu da St. Croix, sannan ya kawo Alexandra da Dagmar a inda lokacinsu ya zo, wato daga baya. Kuma ya zama doka ce ta sa, kamar yadda ta sa a nemi izini kafin a taɓa rufi, kada a bar shi ga ganin damar wanda ke zaune a ciki. A gidan nan ma abin ya fi sauƙi, tunda na gwamnati ne, ba wani talaka za a ɗora wa nauyi ba.

Ban ce a rushe ba. Ban ce a cire masa kariya ba, ban ma ce a canja masa suna ba. Masu cewa a kawar da duk abin da hannun azzalumi ya taɓa suna yi wa azzalumin aiki ne ba su sani ba, domin ranar da gidan ya tafi, shaida ta tafi. Gara ya tsaya da kyansa. Kyan ma yana cikin darasin. Salon da Jardin ya kawo ana yi masa kirari da salon hankali da natsuwa da sanin ya-kamata, ga shi kuma mutumin da ya fara sayen sa a birnin yana lissafin mutane kamar buhuna. Ba wani abin mamaki a ciki in aka tuna cewa Girkawa da Rumawan da ake kwaikwaya, bayi ne suka sassaƙa musu ginshiƙan.

Na san abin da za a ce. Za a ce ba a ɓoye komai ba, sunan Bargum yana cikin littattafai, yana intanet, akwai masu zagayawa da mutane unguwar suna nuna musu gidajen da ke da alaƙa da cinikin bayi. Haka ne, kuma malaman tarihin Danmak sun yi aiki sosai a kan wannan, musamman wajen 2017 da aka cika shekara 100 da sayar wa Amurka tsibiran a kan dala miliyan 25. Amma abin da ke cikin littafi sai wanda ya je nema yake samu, wanda ya je nema kuwa da ma ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Dubban masu zuwa kallon canjin dogarai da tsakar rana ba su zo neman komai ba. Su ne allon zai tara.

Za a kuma ce Danmak ce ƙasar Turai ta farko da ta yi dokar hana fataucin bayi ta teku, a 1792. Wannan ma gaskiya ce, sai dai rabinta. Dokar ta ba da wa'adin shekara goma, ba ta fara aiki ba sai 1803, kuma a tsakanin gwamnati ta ba masu gonaki rance su ƙara sayen bayi don su hayayyafa a can, har cinikin ya ƙaru maimakon ya ragu. Ministan kuɗin da ya jagoranci dokar, Ernst Schimmelmann, shi kansa mai bayi ne. Bautar kanta ba ta ƙare a tsibiran ba sai 3 ga Yuli 1848, ranar da dubban bayi suka yi wa garin Frederiksted tsinke, gwamna Peter von Scholten ya ga ba makawa ya ce an 'yanta su. A wannan ranar Dagmar ba ta cika shekara ɗaya ba a gidan ruwan ɗorawa.

Akwai kuma maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda ɗan'uwana Bahaushe ne zai yi mini ita, ba Bature ba: kai da kake leƙen gidan wasu, naka fa? An sayar da mutane a kasuwar Kurmi. Gandayen sarakuna da rinjin attajirai ba aljanu ne suka nome su ba. Har yau akwai gidajen da ake raɗa asalinsu in maganar aure ta taso. Wane allo muka kafa? Ba mu kafa ba. Mu ko bangon ma ba mu riƙe ba. Ina yaro akwai wani gida a unguwarmu mai zaure uku, rufin azara, da dagi a goshin ƙofa wanda ake sabunta shi duk bayan damina. Da mai gidan ya rasu magada suka kasa daidaitawa, aka sayar, cikin sati biyu katafila ta mai da shi fili. Yanzu shaguna ne a jere ana sayar da waya da caja. Tsofaffin da suka san wa ya gina shi, da waɗanda suka yi cuɗar ƙasar suka ɗora tubalin, da matsayinsu a gidan, duk sun bi shi. Ganuwar Kano ma kowa yana ganin yadda ake yankar ta ana ci. Don haka ba daga kan tudu nake magana ba. Abin da nake cewa shi ne, Danmak ta riga ta yi mai wuyar, ta riƙe ginin shekara sama da 250. Saura mai sauƙin, kuma in mai hali da doka da ma'ajiyar takardu bai yi ba, ban san wa zai fara ba.

Wani abu da ya faru a bakin ruwa, tafiyar 'yan mintoci daga gidan, shi ya ƙara tsayar da ni a kan wannan ra'ayi. A nan akwai tsohon rumbun ajiyar kayan Karebiyan da Harsdorff ya gina wajen 1780, inda ake sauke sukari da sauran kayan tsibiran. A Maris 2018 wasu masu fasaha mata biyu, Jeannette Ehlers ta Danmak da La Vaughn Belle ta St. Croix, suka kafa wani mutum-mutumi mai tsayin kusan mita bakwai a gabansa, na Mary Thomas, ɗaya daga cikin matan da suka jagoranci boren ma'aikatan gonakin rake a 1878. Tana zaune a kujera, tocilar wuta a hannu ɗaya, adar saran rake a ɗaya. A gindinsa an jera duwatsun murjani da bayi suka sassaƙo daga teku aka yi harsashin gine-ginen St. Croix da su. Amma jikin mutum-mutumin da wani abu mara nauyi mai kama da soso aka yi shi, don kuɗin tagulla bai samu ba. A Disamban 2020 iska mai ƙarfi ta lalata shi aka ɗauke. Rumbun sukarin yana nan daram, doka na tsaronsa. Gidan Bargum yana nan daram. Abin tunawa da waɗanda aka yi cinikinsu bai kai shekara uku ba. Ba na zargin kowa da mugun nufi, iska ce. Sai dai abin ya nuna bambancin abin da doka ta ɗauka a kafaɗarta da abin da aka bar wa masu sa-kai da neman gudummawa.

A Nuwamban 2017 Sarauniya Margrethe ta 2 ta kai ziyara Ghana, ta shiga fadar Osu. Ofishin da ke tsara irin wannan tafiya yana gida mai lamba 18 a Amaliegade, a ɗakunan mutumin da aka taɓa damƙa wa makullan wannan fadar ta Osu. Na sha tunanin ko wani daga cikin ma'aikatan da suka buga jadawalin ya ɗaga kai ya dubi silin.

Abin da za a rubuta a allon ma ba sai an sha wahalar nema ba. Da Fredensborg ya bugi duwatsu, ma'aikatansa sun tsira da littattafan jirgin, kuma suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar, a cikin birnin. Akwai iskar kowace rana, akwai abincin da aka raba, akwai sunan kowane matuƙi da ranar da ya mutu. Mutanen da ke ƙasan jirgin kuwa an rubuta su ne kashi-kashi: maza 158, mata 78, yara maza 20, yara mata 9.